Fetur 91 da 95 a manyan jif: wanne ya cancanci kuɗinka a Saudiyya?

A kowane gidan mai, ko na Aldrees ne ko Sasco ko Petromin, tambayar da mai zuba mai zai yi maka ɗaya ce: kore ko ja? Kore shi ne 91, ja kuma 95. Tun watan Yulin 2021 gwamnati ta tsayar da farashinsu, 91 a kan riyal 2.18 lita, 95 a kan riyal 2.33. Tazarar halala 15 ce kacal, shi ya sa da yawa daga cikin 'yan'uwanmu masu jigilar alhazai da masu Umara tsakanin Jidda da Makka da Madina suke cewa a zuba ja kawai, wai ya fi auki. A tankin Land Cruiser 300 mai cin lita 110, wannan ƙarin ya kai riyal 16 da rabi a kowane ciko. A Patrol mai V8 da tankin lita 140, riyal 21 ne. Ga mai cika tanki sau uku a mako, kuɗi ne na gaske.

Lambar nan ta 91 da 95 ba ma'aunin ƙarfin da ke cikin mai ba ce. Ma'auni ce ta yadda mai yake jure matsi da zafi a cikin silinda ba tare da ya kama wuta da kansa ba. Idan wani ɓangare na man ya fashe kafin wutar fulogi ta iso gare shi, sai ka ji inji yana ƙwanƙwasa kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Motocin yanzu suna da sansa a jikin inji da ke jin wannan ƙara, sai kwamfutar mota ta jinkirta lokacin tartsatsin fulogi don ta kare fistin. Jinkirin nan shi ke rage ƙarfi, direba ya ƙara taka totur, mai ya ƙara tafiya. A nan ne kaɗai ja yake da aikin yi. Injin da ba ya ƙwanƙwasa da kore, ko ka cika shi da ja babu abin da zai ƙara maka.

Kan Jims (wato GMC Yukon) da Tahoe da Suburban akwai ruɗani da ya kamata a warware. Littafin motar da ya zo daga Amurka yana rubuta 87 ga inji mai girman lita 5.3, kuma ma'aunin Amurka daban yake da namu. Abin da suke kira 87 ya yi daidai da kusan 91 a nan, 91 ɗinsu kuma kusan 95 ne. Saboda haka injin 5.3 kore ya ishe shi. Injin 6.2 da ke cikin Yukon Denali shi ne kamfani ya ba da shawarar mai mai babbar lamba, wato ja. Zai tafi da kore, amma a zafin Agusta da mutum bakwai da jakunkuna da jarkokin Zamzam, za ka ji ya yi nauyi, kuma shan mai ya tashi. Injuna masu tarbo, irin V6 3.5 na Land Cruiser 300 da na sabuwar Patrol, suna tura iska da matsi, don haka sun fi saurin nuna bambancin mai idan ana zafi ko ana hawan dutsen Hada zuwa Ɗa'if. Hukuncin ƙarshe yana bayan murfin tanki da cikin littafin motar. Idan an rubuta 95 a matsayin mafi ƙaranci, kada ka sauka ƙasa.

Lissafin ba shi da wuya. Ja ya fi kore tsada da kusan kashi 7 cikin ɗari, dole ne ya ƙara maka tafiya da kashi 7 kafin ya mayar da kuɗinsa. Motar da ke yin kilomita 7 da lita ɗaya ta kore tana cin kusan riyal 31 a kilomita 100. Sai ta yi kilomita 7.5 da litar ja sannan a tashi canjaras. Idan za ka gwada da kanka, kada ka dogara da lambar da ke kan dashbod. Ka cika tanki har bututun ya tsaya da kansa karo na farko, kada ka ce a ƙara. Ka mayar da ma'aunin tafiya sifili, ka yi aikinka yadda ka saba, ka koma famfo ɗaya ka cika, ka raba kilomita da lita. Tanki uku na kore, uku na ja, kuma ka watsar da sakamakon tankin farko bayan canji, domin akwai sauran tsohon mai a ciki.

Ta fuskar inganci, duka biyun mai kyau ne, musamman tun Fabrairun 2024 da Ma'aikatar Makamashi ta sanar da fetur da dizal masu ƙarancin sulfur. Zancen cewa ja yana wanke inji kore kuma yana bar masa datti ba shi da tushe a lambar. Wanda ya ga alamar famfo yana tauye lita, lambar wayar Ma'aikatar Kasuwanci 1900 ce.

Inda kuɗi yake zubewa da gaske shi ne ƙafar direba. Jif babba gabanta kamar bango yake, kuma turjiyar iska tana ninkuwa da gudu. Daga 110 zuwa 140 gudu ya ƙaru da kusan kashi 27, amma turjiyar iska ta ƙaru da sama da kashi 60. Tun 2018 aka ɗaga iyakar gudu zuwa 140 a wasu sassan hanyar Makka zuwa Madina, sai direbobi suka ɗauke ta kamar wajibi. Abin da ake samu minti 11 ko 12 ne a kowace kilomita 100, kuma ana biyansa da lita. Injin 5.3 da 6.2 suna da tsarin kashe wasu silinda idan nauyi ya yi sauƙi, amma a 140 da kaya a sama da wuya tsarin ya samu damar aiki. Tsakanin 100 da 115, da na'urar riƙe gudu a shimfiɗaɗɗiyar hanya, motocin nan ba sa shan mai kamar yadda suke sha a 140.

A cikin gari nauyi ne matsalar. Mota mai tan biyu da rabi, duk lokacin da ka figa daga danja sannan ka danne birki a danja ta gaba, man da ka ƙona ya koma zafi a faifan birki. Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta ƙiyasta cewa irin wannan tuƙi yana rage tafiyar mai da kashi 10 zuwa 40 a cunkoso, kashi 15 zuwa 30 a babbar hanya. Babu wani bambancin kore da ja da ya kusanci wannan. Ɗage ƙafa tun daga nesa, kwamfuta tana yanke mai idan mota tana gangarawa cikin giya. Sa ta a furi ba ya taimakawa, inji yana ci gaba da sha a sulo.

Sulo ɗin ma ga masu jiran fasinja a ƙofar otal ko filin jirgin Jidda babban rami ne. Babban inji da sanyi a kunne yana shan wajen lita 2 a awa. Ba wanda zai ce ka kashe sanyi da tsofaffi a mota a zafin Makka, lafiyarsu ta fi mai. Amma jiran awa biyu babu kowa a ciki, gara a nemi inuwa a sa abin tare rana a gilashi.

Sauran ƙanana ne amma suna taruwa. Kariyar ɗora kaya a kan rufi, ko babu kaya, tana kama iska, a sauke ta bayan lokacin aiki. Iskar taya a auna ta da sassafe kafin taya ta yi zafi, a bi lambar da ke jikin ƙofar direba. Wanda ya sace iska don shiga rairayi ya mayar da ita kafin ya hau kwalta, domin taya mai laushi a zafin nan bayan shan mai har fashewa take yi. Tahoe da Jims masu gaba da baya a bar su a 2H, wato jan tayoyin baya kaɗai, a kan kwalta. Sai baƙin mai: injin 5.3 na sababbin motocin an ƙera shi ne don 0W-20 marar kauri, kuma wasu kanikawa suna zuba 20W-50 mai kauri da hujjar zafi. Mai kauri yana ƙara jan inji, yana kuma wahalar da sassan da ke kashe silinda, waɗanda da matsin baƙin mai suke aiki. Idan shan mai ya tashi kwatsam ba tare da ka canza tuƙi ba, kafin ka koma ja, a sa kwamfuta a duba sansar iskar shaƙa da ta salansa da fulogi.