Fanshon Ingila da na Amurka ga mai niyyar tsufa a gida

'Yar uwa, kin ce shekara takwas ke nan kina aikin jinya a Ingila, ga shi an yi miki tayin aiki a Amurka, shekarunki na haihuwa 41, kuma burinki idan ƙarfi ya ja baya ki koma Kano ki zauna. Kika tambaya wanne ya fi tsakanin fanshon gwamnatin nan da na can, kuma ko shekaru takwas ɗin za su tafi a banza. Ba za su tafi ba. Amma zancen komawa gida da kika ajiye a ƙarshen tambayarki, shi ne ya fi komai nauyi a lissafin nan.

Mu fara da sharaɗin shiga. A fuska kamar ɗaya suke, kowanne na neman shekara goma. Ingila tana ƙirga shekarun da aka cire miki kuɗin inshorar ƙasa, wato layin nan na NI da kike gani a takardar albashi. Sai sun kai goma kafin a ba ki ko kwabo, sai sun kai 35 kafin a ba ki cikakke. Amurka kuwa maki take ƙirgawa: ana son maki 40, kuma ba a wuce huɗu a shekara komai yawan albashi. A 2025 kowane maki dala 1,810 ne na samu, ke nan ma'aikaciyar jinya tana haɗa huɗunta na shekara cikin 'yan watannin farko, amma dole dai ta yi shekara goman.

Inda suka rabu shi ne sassauci. A Ingila mutum na iya biyan kuɗi da kansa ya cike giɓin da ya bari, yawanci na shekaru shida da suka wuce, kuma uwa mai karɓar tallafin yara ana rubuta mata shekara ko ba ta aiki, muddin yaron bai kai 12 ba (mai bizar aiki galibi ba ta cikin masu wannan tallafin, kada ki dogara da shi). A Amurka ba a sayen maki, reno ma ba ya kawo shi. Aiki ne kawai.

Game da takwas ɗinki: ƙasashen biyu suna da yarjejeniya da ke aiki tun 1985. Shekarun da za ki yi a Amurka za su iya cike miki goman da Ingila ke nema, sai dai a kan takwas ɗin kaɗai za a biya ki. Cikakken fansho a shekarar 2025 zuwa 2026 fam 230.25 ne a mako. Ki raba gida 35 ki ɗauki takwas, ya kama fam 52 da 'yan kai. Ba dukiya ba ce, amma kuɗi ne da za su riƙa shigowa har ƙarshen rai.

Daga nan kin ga halin fanshon Ingila: ba ruwansa da girman albashi. Babban likita da mai sharar ɗakin marasa lafiya, in dai shekarun aikinsu ɗaya, abin da gwamnati ke ba su ɗaya ne. Bambancin yana fitowa ne a fanshon wurin aiki, kamar na NHS, hukumar lafiyar Ingila, wanda shi lissafinsa daban. Na Amurka albashi yake bi. Ana cire kashi 6.2 cikin ɗari daga naki, mai aikin ya sa daidai da haka, sannan idan lokaci ya yi a ɗauki shekaru 35 da kika fi samu a fitar da matsakaici. Ga tarkon a nan: idan shekarunki ba su kai 35 ba, sifili ake cike sauran da shi. Kin shiga kina 41 kin tsaya kina 62, shekara 21 ke nan, sifili 14 za su shiga su ja matsakaicin ƙasa. Abin da ke rage zafin shi ne tsarin ya fi tausaya wa ƙaramin matsakaici: kashi 90 ake mayarwa a kan kason farko, sannan 32, sannan 15. Matsakaicin abin da mai ritaya ke karɓa a can ya kusa dala 2,000 a wata a 2025. A ganina, ga mai albashi irin naku, na Amurka zai fi kauri ko da sifilin. Har wa yau, tsohuwar dokar da ke zaftare fanshon Amurka idan mutum yana karɓar na wata ƙasa an soke ta a Janairun 2025, saboda haka biyun za su zo miki ba tare da ɗaya ya ci ɗaya ba.

Shekarun karɓa kuwa, na Ingila ana ɗaga shi daga 66 zuwa 67 tsakanin 2026 da 2028, kuma dokar da ke ƙasa ta kai shi 68 ga sa'anninki. Babu karɓa da wuri, ko da rana ɗaya. A Amurka cikakken lokaci 67 ne ga duk wanda aka haifa daga 1960, amma za ki iya farawa a 62 a rage miki kashi 30 har abada, ko ki daure zuwa 70 a ƙara miki kashi 8 a kowace shekarar jira. Ingila na biya duk mako huɗu, Amurka duk wata. Dukansu sai kin nema, ba sa zuwa da kansu.

Ga mai iyali akwai wani bambanci da ba a cika faɗa ba. Sabon tsarin Ingila, wanda ya fara a Afrilun 2016, kowa tasa ta fishshe shi: ba a gina fanshon mata a kan na miji. A Amurka abokin zama na iya samun har rabin naki kina raye, ya kuma gaji har cikakkensa bayan rai.

Yanzu ga maganar gida, kuma ita ce take damuna, domin mutanenmu da yawa ba sa jin ta sai sun riga sun tattara kaya. Fanshon Ingila ana biyan sa ko'ina a duniya, amma ba ko'ina ake yi masa ƙarin shekara-shekara ba. Mazaunin Ingila kowane Afrilu ana ƙara masa da wanda ya fi girma cikin uku: hauhawar farashi, ƙarin albashi, ko kashi 2.5. Mazaunin Amurka ko ƙasashen Tarayyar Turai shi ma yana samu. Mazaunin Najeriya ko Gana ba ya samu. Adadin da kika fara da shi, a kansa za ki tsaya. Ki duba da kyau: wanda ya fara karɓar cikakke a 2016 ya dawo Najeriya nan take, fam 155.65 ne nasa a mako, kuma har yau shi ne. Abokin aikinsa da ya zauna a Birmingham ya kai 230.25 a 2025. Aiki ɗaya suka yi, kuɗi ɗaya aka cire musu, tazarar ta haura fam 74 a kowane mako, kuma tana ƙaruwa duk shekara daidai lokacin da kuɗin magani ke ƙaruwa. Ban ga adalci a wannan ba, amma ita ce dokar.

Amurka ba ta daskarar da nata. Ƙarin tsadar rayuwa, wanda ya kasance kashi 2.5 a 2025, yana bin ki har Kano. Nata sharaɗin a takardar zama ɗan ƙasa yake. Mai fasfon Amurka ana biyan sa ba matsala. Wanda ba ɗan ƙasa ba, ƙa'idar ita ce a tsayar da kuɗin idan ya yi wata shida a jere a waje, sai dai ɗan Najeriya da ya cika maki 40 nasa yana cikin waɗanda aka keɓe. Amma idan ya zama ba mazaunin Amurka ba, ana riƙe kashi 25.5 na kuɗin a matsayin haraji tun kafin su iso hannunsa. Rubu'in fansho ke nan. Miji ko mata da za su ci ta dalilinsa kuma, in ba 'yan ƙasa ba ne, yawanci sai sun taɓa zama shekara biyar a Amurka cikin auren.

Shawarata, idan kin tafi, kada ki tafi da niyyar shekara biyar ko shida. Ki cika maki 40 da guminki, kuma ki yi tunani sosai a kan karɓar takardar zama 'yar ƙasa kafin ki juyo gida. Kafin ki bar Ingila ki shiga shafin gwamnati na duba hasashen fansho. Zai jera miki shekarunki ɗaya bayan ɗaya, ya nuna wadda ta cika da wadda ba ta cika ba. Shekarar da kika sauka ƙasar ce ta fi zama da giɓi, tunda shekarar haraji daga 6 ga Afrilu take farawa. In takwas ɗin ashe bakwai ne, gara ki sani yanzu tun ana iya cikewa.

Idan kuma Allah ya kai mu kin dawo, dukansu biyun sukan aiko da takarda lokaci-lokaci su tabbatar kina raye kuma adireshinki bai canza ba. In ba a mayar ba, kuɗi na tsayawa. Ki ba su adireshin da wasiƙa ke isa da gaske.