Darussan Jamusanci na Nicos Weg: Amfaninsu ga Mai Shirin Bin Iyali Jamus

Tun shekarar 2007 dokar Jamus ta tanadi cewa, a mafi yawan lokuta, matar da za ta tare a gidan mijinta a ƙasar, ko mijin da zai bi matarsa, sai ya nuna shaidar jin Jamusanci a matakin farko, wato A1, kafin a ba shi biza. Wannan sharaɗi ne ya sa na zauna na bi darussan Nicos Weg, waɗanda tashar DW, wadda masu sauraron rediyo suka daɗe da sanin sashenta na Hausa, take bayarwa kyauta a intanet da kuma manhajar waya.

An gina darussan ne a kan labarin wani saurayi ɗan Sifaniya mai suna Nico, wanda ya sauka Jamus bai iya harshen ba, jakarsa kuma ta ɓata tun ranar isowarsa. Kowane darasi yana farawa da gajeren bidiyo na minti ɗaya ko biyu, sannan tambayoyi da bayanin nahawu su biyo baya, a haka har zuwa mataki na uku, wato B1. Labarin ƙagagge ne, 'yan wasa ne suka fito a ciki, ba fim ne da aka ɗauka daga rayuwar baƙi ta zahiri ba, kuma hakan yana bayyana a yadda kusan duk wanda Nico ya haɗu da shi yake tarbarsa da fara'a da haƙuri. Duk da haka, abubuwan da ake koyarwa su ne ainihin waɗanda baƙo yake tuntuɓe da su: faɗin suna da adireshi, neman ɗaki, cefane, zuwa wurin likita. Iyalin wata budurwa mai suna Selma a cikin labarin, 'yan Siriya, su ne suka fi taɓa mini zuciya, domin taƙaddamar da ke tsakaninta da iyayenta kan tarbiyya a baƙuwar ƙasa ba za ta zama sabon abu ga Bahaushe ba.

Ƙarfin darussan yana wajen horar da kunne, saboda mai koyo yana iya maimaita bidiyo sau goma ba tare da jin kunyar kowa ba. Sai dai jarrabawar A1 ta cibiyar koyar da Jamusanci ta Goethe, wadda take da reshe a Legas, kashi huɗu ce: sauraro, karatu, rubutu da magana, kuma ana buƙatar maki 60 cikin 100. A ɓangaren magana ana zaunar da ɗalibai rukuni guda su yi wa juna tambayoyi, abin da waya ba za ta koya wa mutum ba sai ya sami abokin hira. Haka kuma kammala darussan ba ya maye gurbin takardar shaidar da ofishin jakadanci yake nema. Shawarata ita ce a bi Nicos Weg kullum a gida, a sa wanda ke Jamus ya riƙa kiran waya da Jamusanci ko da na minti goma ne, sannan a yi rajistar jarrabawa da wuri.