Sharhi: sandunan gas masu bawul a murfin ƙaramar tirelar zango

Duk mai ƙaramar tirelar zango, irin wadda ake ɗaura wa mota a baya a loda tanti da kayan girki, ya san inda wahalarta take: murfi. A nan Afirka ta Kudu da nake zaune gidaje da dama masu son fita daji suna da ita, kuma da yawa suna ɗaure tanti a saman murfin, nauyi ya ƙaru. Sandunan da suka zo da tawa an yi su ne don murfi shi kaɗai, ina ɗora tanti suka daina riƙewa. Na canza su da masu ɗan bawul da ake rage wa ƙarfi, kuma na ji daɗinsu ƙwarai, sai dai akwai abin da ya kamata mutum ya sani kafin ya fitar da kuɗinsa.

Sandar gas ita ce irin wadda ke riƙe murfin but ɗin mota. Cikinta iskar naitirojin ce a matse, da ɗan mai kaɗan. Ana rubuta ƙarfinta a jikinta da lamba da harafin N, kuma 10N ya yi kusan nauyin kilo 1. Mai shagon da na fara zuwa nauyin murfi kawai ya tambaye ni, ya miƙo mini mafi ƙarfi da yake da ita, wai gara ƙarfi ya yi yawa da ya gaza. Ban karɓa ba, domin nauyi rabin zancen ne. Sauran rabin shi ne inda aka kafa sandar.

Ga yadda na yi lissafina. Na cire tsofaffin, na sa sikelin awon mutum da guntun katako a ƙarƙashin bakin murfi, tanti yana kai. Ya nuna kilo 20. Daga hinji zuwa bakin mita 1.2 ne, sai na ninka: 20 sau 1.2 sau 9.8 (lambar da ke mayar da kilo zuwa N), ya ba ni kusan 235. Daga nan na buɗe murfin rabi, na auna tazarar da ke tsakanin hinji da layin da sandar ke bi, santimita 25. Sanduna biyu ne, don haka na raba 235 da 0.5 (wato mita 0.25 sau biyu), na samu 470N kowace ɗaya. Masu sana'ar kan ƙara kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari a kai, abin ya kai wajen 530N. Da a ce tazarar nan santimita 15 ce, murfin nan dai zai nemi kusan 800N. Shi ya sa lambar da ta yi wa maƙwabcinka aiki ba lallai ta yi maka ba.

Waɗanda na saya masu sanda mai kaurin milimita 8 ne da bututu mai kaurin milimita 18, an cika su 700N. Kafa su ake fara yi, sannan a riƙa sassauta ɗan sukurun bawul da ƙaramin makullin da ke cikin kwali, iska ta yi fit, a ɗaure, a gwada murfi, a koma ɗaya gefen a yi daidai haka. A cike, sai na rataya da jikina kafin murfin ya sauko. Na bi a hankali har ya zama uwargida tana ɗaga shi da hannu ɗaya, ya tsaya cak a sama, kuma ta iya jawo shi ƙasa ba tare da ta kira kowa ba. A nan na tsaya.

Aibinsu biyu ne, kuma ba ƙanana ba. Iskar da ta fita ta fita ke nan, ba ka da hanyar mayar da ita a gida. Sannan babu ma'auni a jiki, da kunne da hannu kake aiki, kuma idan gefe ɗaya ya fi ɗaya ƙarfi murfin zai riƙa karkacewa yana cin hinji. Kawunan roba na ƙarshen sandunan da suka zo da su ma ban yarda da su ba, na sa na ƙarfe.

Abin da ya sa na bar musu ɗan rarar ƙarfi shi ne sanyi. Lambar da ke jiki ta zafin digiri 20 ce, kuma ƙarfin yana sauka ko hawa da kimanin kashi 3.5 cikin ɗari a duk digiri 10. Asubahin Yuni ko Yuli a kewayen Johannesburg yakan kai digiri 0, sandar 550N ta koma wajen 510N. A gandun dajin Kruger kuwa, cikin Disamba, zafi kan haura 35, murfin ya riƙa tashi da gaggawa. Wanda ya daidaita nasa da tsakar rana a lokacin zafi, ya rage har ƙarshe, murfi zai iya sauko masa a ka da sanyin safiya yana sunkuye yana neman buta. Da yara a wurin, wannan ba abin wasa ba ne.

Lokacin da murfi ke rufe ne sandunan suka fi matsuwa, duk ƙarfin yana kan hinji da maƙalan da aka kafa sandunan a kansu. Murfina farantin ƙarfe ne marar kauri, don haka na sa mai walda ya ƙara ɗan faranti a bayan kowane maƙali. A kafa su siririyar sandar tana kallon ƙasa, don man ciki ya zauna a kan robar bakin bututu. Kada a shafa mata giris, kada a kama ta da filaya, ƙura ko ƙarzuwa ɗaya ta isa ta sa iska ta fara zurara. Bayan tafiya a hanyar burji nakan goge su da tsumma mai laushi kafin in buɗe murfin gaba ɗaya.

Wanda murfinsa ba ya ɗaukar komai, ya karanta lambar da ke jikin tsohuwar sandarsa da tsawonta, ya sayi irinta, ta fi araha. Mai tanti ko jarkoki a sama, masu bawul ɗin nan sun cancanci ƙarin kuɗin.