Tafkuna biyar ko hanyar Hörnli: ga wadda za ka bi a Zermatt

Malam, ka tambaya wace hanya za ka taka da ƙafa a Zermatt, garin da ke gindin dutsen Matterhorn a ƙasar Suwizalan. Tunda wuni ɗaya tak gare ka, ga uwargida ga yara, ajiye maganar hawa zuwa masaukin Hörnli, inda masu hawan dutsen ke kwana, ka bi hanyar tafkuna biyar. Na taka duka biyun, amma ɗaya ce kaɗai nake marmarin komawa.

Abin da ya sa ta tafkunan ta kwanta min a rai, inji ne ke ɗauke maka wahalar tun farko. Daga cikin gari za ku shiga wani ɗan jirgi mai ratsa cikin dutse, kafin ka gyara zama ya fito da ku Sunnegga, mita 2,288 sama da teku. Daga nan sai motar nan mai tafiya a rataye jikin waya ta kai ku Blauherd, mita 2,571. A nan ƙafa ke karɓar aiki. Tsawon hanyar kilomita tara da ɗoriya, galibinta gangara ce, sai ɗan hawa can ƙarshe kafin a dawo Sunnegga. A rubuce awa biyu da rabi ce, amma da yara da ɗaukar hoto, ka ware awa huɗu kawai.

Tafkin farko, Stellisee, shi ne uban tafiyar, kuma ba shi da nisa da inda mota ta sauke ku. In kun yi sammako kafin iska ta taso, za ku tarar da dutsen Matterhorn, mai tsawon mita 4,478, a kife cikin ruwa tsaf, har da farar ƙanƙarar da ke kansa. Da wani dattijo mutumin Damagaram muka je, mai yawan kukan gwiwa, wanda tun a jirgi yake cewa shi dai rakiya ya yi. Da muka iso bakin ruwan sai ya nemi dutse ya zauna, ya daɗe bai ce uffan ba sai tasbihi. Daga baya ya tsoma hannu zai yi alwala, ya fizge da sauri yana salati, don ruwan har cikin ƙashi yake shiga. Can gaba muka ci karo da tumakin Valais, yankin da Zermatt ke ciki, masu farin gashi buzu-buzu da baƙar fuska, sai ga shi ya manta da gwiwa yana zagaya wani rago yana ƙiyasta abin da zai yi a kasuwa ana jibi Babbar Salla. Har muka gama bai sake ambaton ciwo ba.

Sauran tafkunan ba duka ne suka kai na farko ba, gaskiya. Grindjisee na da kyau, itatuwa sun kewaye shi, shi ma dutsen na fitowa a cikinsa. Grünsee wuri ne mai duwatsu, ba inuwa sosai. Moosjisee madatsa ce da aka gina, ruwanta fari-fari saboda garin dutsen da narkakkiyar ƙanƙara ke kwasowa. Kallo ɗaya ya isa, ku wuce. Na ƙarshe, Leisee, a nan yaranka za su ƙi tafiya, don akwai wurin wasa, kuma dab yake da tashar komawa gari.

Ita kuwa ta Hörnli, to, ba laifi ga mai ƙarfi a jika. Daga tashar Schwarzsee, inda motar waya ke sauke mutane, za ka hau kusan mita 700 zuwa masaukin da ke mita 3,260, kan tsakuwa da matakalan ƙarfe, wani wurin rami a gefenka, numfashi na yankewa. Tarihi dai akwai shi: ta ƙugun dutsen da ke saman masaukin ne Edward Whymper, wani ɗan Ingila mai hawan duwatsu, da mutanensa suka fara kai wa ƙololuwar Matterhorn a 1865, su bakwai, huɗu suka halaka wajen saukowa. Amma in ka isa, kana gindin dutsen ne, siffar nan da ka biya kuɗin jirgi don ka gani ta ɓace, sai baƙin bango a gabanka. Ba wurin yara ba ne ko kaɗan.

Ba ka tambaya ba, amma bari in ja maka kunne kan 'yan damfara. Akwai shafuka a intanet masu sayar da tikitin waɗannan jirage da ƙarin kuɗi, su ɗaure ka da rana guda, in hadari ya rufe dutsen ranar kuɗinka ya tafi. Ka bari sai ka iso, ka dubi sama, ka saya a tasha. Wasu kuma za su ce sai ka ɗauki ɗan jagora, alhali a Suwizalan duk mararraba akwai allo ruwan ɗorawa ɗauke da sunan wuri da tsawon lokacin tafiya, ga fenti fari da ja a jikin duwatsu. Kan hanyar tafkunan ba ka buƙatar kowa. Sai kuma damfarar takalmi. Masu talla a Facebook sun cika ko'ina da jabu, tambari na kamfanin ƙwarai, ƙasan kuwa gam ne kawai ya riƙe shi, yana shan ruwa ya buɗe baki. Gara na gwanjo mai kauri da ka lanƙwasa da hannunka ka gani, kuma ku fara sa shi a gida kafin tafiya don kada ya yi muku kanta.

Lokacin bin hanyar tafkunan daga wajen ƙarshen Yuni ne zuwa Satumba. Kafin nan ƙanƙara ba ta gama narkewa a sama ba. Ku riƙe rigar sanyi ko da rana ta take, don da yamma hadari kan taso ba sallama. Ku sayi burodi da cuku da 'ya'yan itace a kantin cikin gari, abincin kan dutse tsada gare shi, kuma busasshen naman da suke jerawa a faranti ana haɗawa da na alade, sai an tambaya. In da mota za ku zo, a Täsch, ƙauyen da ke kafin Zermatt, za ku ajiye ta ku ƙarasa a jirgi, motar gida ba ta shiga Zermatt. Kafin ku bar Sunnegga da safe, ka duba ƙarfe nawa jirgin ƙarshe ke sauka, in ba haka ba da ƙafa za ku gangaro gari da yara a kafaɗa.