Mina zuwa Arfa, Arfa zuwa Muzdalifa: ƙafa ko mota?

Malam, ka tambaya ko ka taka da ƙafa a ranar Arfa ko ka jira motar tawaga. Zango biyu ne, kuma ba shawara ɗaya zan ba ka a kansu ba.

Mina zuwa Arfa wajen kilomita 14 ne, kamar Garwa zuwa Pitowa a arewacin Kamaru, kuma rana na iya riskarka a hanya. A nan mota ta fi. Kada ka ce ai mun saba da zafin Afrilu. A Hajjin 2024 zafi ya haura digiri 51 a Makka, sama da mutum 1,300 suka rasu, akasarinsu marasa izinin Hajji da suka yi ta tafiya cikin rana babu mafaka. Ƙarfin da za ka zubar a kan kwalta, shi za ka nema da yamma wajen addu'a.

Arfa zuwa Muzdalifa kuwa bai kai kilomita 10 ba, kuma bayan faɗuwar rana ake tashi. Jama'a duk lokaci guda suke fita, sai mota ta maƙale a cunkoso, wasu ba sa isa sai dare ya raba. Mai ƙafa yakan riga ta, ya haɗa Magariba da Isha'i, ya tsinci duwatsun jifa, har ya ɗan runtsa. Amfanin mota shi ne ba ka rabuwa da mutanenka. Mai ƙafa da ya ɓace wa tawaga, nemo tantinsu a Mina washegari wani aiki ne. Jirgin ƙasan da ke zirga-zirga tsakanin Mina, Muzdalifa da Arfa, wanda aka buɗe a 2010, yana nan, amma ba kowace tawaga ke da tikitinsa ba.

In kana da lafiya kuma jagoranku ya amince, taka wannan na daren, amma ku zama uku ko huɗu. Mu 'yan Malikiyya dai, kada ƙafarka ta haye iyakar Arfa sai rana ta faɗi sarai.

Fara atisaye tun yanzu da takalmin da za ka yi harami da shi, sabo yana ciwo. Riƙe laima, gorar ruwa, katin Nusuk (katin shaidar alhaji) da basilin marar ƙamshi, don babu wando cikin harami, cinyoyi na gogar juna. Dattawa da masu ciwon suga ko hawan jini, su bi mota a zangon biyu.