CIS WorkBench: me mai aikin sa-kai yake samu bayan ya sha wahala?

Duk wanda aikinsa ya shafi tsare sabar Ubuntu ko Windows ya san takardun CIS Benchmarks, masu jera shawarwarin yadda za a saita na'ura ta zama da tsaro. Ƙungiyar Center for Internet Security ce ke fitar da su. An kafa ta a Amurka a 2000, ba ta neman riba, kuma takardun nata sun haura 100, daga na Linux da Windows zuwa na Cisco da PostgreSQL da Microsoft 365. Masu binciken kamfanonin da ke karɓar kuɗi da kati sukan tambaye su, domin ƙa'idar tsaron bayanan katin banki, wato PCI DSS, ta ce a saita kowace na'ura bisa ma'aunin da masana suka amince da shi. Amma ba ma'aikatan ƙungiyar kaɗai ke rubuta su ba. Aikin gayya ne, kuma gonar da ake taruwa a kai ita ce dandalin CIS WorkBench.

Ra'ayinmu tun da fari: dandalin makaranta ce mai kyau ƙwarai, amma wajen yaba wa masu aiki hannunsa a dunƙule yake. Ɗalibin kimiyyar kwamfuta a Samaru, ko mai kula da cibiyar jarrabawar JAMB a Sabon Gari, ya shiga da sanin haka.

Rajista kyauta ce, adireshin imel kawai ake nema. Daga nan sai mutum ya zaɓi zauren na'urar da ya iya. A ciki zai ga daftarin bugu mai zuwa, da muhawarar da ake yi, da tikitocin gyara, wato rahotannin kuskure ko buƙatar sauyi, da wasu suka buɗe. Kowace shawara tana da tsari guda: bayaninta, dalilinta, illar da za ta iya jawowa, umarnin da ake dubawa da shi, umarnin gyara, da yadda na'urar take tun daga kamfani. An raba su mataki biyu. Mataki na 1 na kowa da kowa ne, ba a son ya hana aiki tafiya. Mataki na 2 na wuraren da tsaro ya fi sauƙin aiki muhimmanci, kuma shi ne mai karya abubuwa.

Gudummawar da ta fi amfani ita ce gwaji, ba ra'ayi ba. Kwamfuta mai RAM 8GB ta wadatar. A ɗora Ubuntu Server 22.04 ko 24.04 a cikin VirtualBox, manhajar da ke ƙirƙirar na'urar gwaji a cikin kwamfuta, a ba shi RAM 2GB da faifai 25GB, a ajiye kwafin yanayinsa kafin a taɓa komai. Sai a ɗauki shawara ɗaya, a gudanar da umarnin dubawa, a rubuta abin da ya fito, a yi gyaran, a sake kunna na'urar, a sake dubawa. Ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya zuba shawarwari ashirin lokaci guda sannan na'ura ta ƙi tashi, ba zai san wadda ta yi ɓarnar ba, kuma tikitinsa ba zai amfani kowa ba. Sake kunnawar nan ma ba ado ba ce: gyaran da aka yi da sysctl -w yana aiki nan take, amma idan ba a rubuta shi cikin /etc/sysctl.d ba, da na'urar ta mutu ya tafi.

SSH, hanyar shiga sabar daga nesa, misali ne mai kyau na inda ake samun kuskure. A Ubuntu na yanzu, fayil ɗin sshd_config yana farawa da layin da ke jawo duk abin da ke cikin /etc/ssh/sshd_config.d, kuma sshd yana riƙe ƙimar farko da ya ci karo da ita. Saboda haka mutum zai rubuta PasswordAuthentication no a babban fayil don hana shiga da kalmar sirri, ya duba da grep ya ga komai daidai, alhali wani ƙaramin fayil mai suna 50-cloud-init.conf ya riga ya ce yes. Ƙofa a buɗe take, takarda ta ce a rufe. Umarnin sshd -T ne ke nuna abin da ke aiki da gaske. Mai gwajin da ya kama irin wannan giɓi tsakanin dubawa da gaskiya ya yi aikin da editoci ke nema.

Akwai kuma abin da mu a nan muka fi mutanen Amurka gani, wato ɗauke wuta. Ɗauki shawarar sa kalmar sirri a GRUB, manhajar da ke tayar da Ubuntu idan an kunna na'ura. Idan aka sa ta ba tare da an ƙara --unrestricted a layin CLASS na fayil ɗin /etc/grub.d/10_linux ba, duk lokacin da na'urar za ta tashi sai ta tsaya jiran mutum. Takardar ta ambaci wannan, amma a 'yan layukan da ido ke tsallakewa. A ɗakin sabar da wuta ba ta yankewa, abin ba ya damun kowa. A ofishin da ke Kongo ko Tudun Wada, inda batirin inbata kan ƙare da tsakar dare, da safe za a tarar da sabar tana tsaye a bakin ƙofa, ma'aikata suna zagin intanet. Haka shawarar Mataki na 2 kan auditd, manhajar da ke rubuta abin da ke faruwa a na'ura: tana hana goge tsofaffin bayanai, ta kuma sa na'ura ta tsaya idan wuri ya ƙare. A kan tsohuwar kwamfuta 'yar gwanjo mai ƙaramin faifai, wannan tarko ne da ke jiran ranarsa. Sa noexec a kan /tmp, wato hana gudanar da komai daga can, shi ma yakan sa apt mai girka manhajoji ya yi ƙorafin an hana shi izini, saboda wasu manhajoji a can suke ajiye rubutun saitinsu kafin su girku. Sashen da ke bayanin illar kowace shawara yana buƙatar irin wannan shaida, kuma wanda ya rayu da janareta ya fi kowa iya ba da ita.

Tikiti mai kyau yana ɗauke da sunan takardar da lambar bugunta, cikakken taken shawarar, bugun Ubuntu kamar yadda lsb_release -a ya nuna, umarnin da aka gudanar, abin da ya fito, sannan jimlar da ake so a maye gurbin ta da. A rubuta taken, kada a tsaya kan lamba kaɗai, domin lambobi suna sauyawa daga bugu zuwa bugu. “Wannan ba ya aiki” ba tikiti ba ne. Amsa kuma ba ta zuwa da gaggawa. Tsakaninmu da gabashin Amurka awa 5 ne daga Maris zuwa farkon Nuwamba, awa 6 a sauran watanni, ga shi da yawan masu amsawar su ma bayan aikinsu suke leƙowa.

To, ina ladan? A farkon kowace takarda akwai shafin godiya, inda ake jera sunayen marubuta da editoci da masu gudummawa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne: takarda ce da ake saukewa a duk duniya, kuma duk mai shakka zai iya buɗe ta ya ga sunan. Ƙungiyar tana kuma ba masu aikin sa-kai damar samun makin CPE, wato makin ƙarin ilimi, wanda ke da amfani ga mai takardar shaidar ƙwarewa a tsaro irin CISSP, da ke neman maki 120 cikin shekara 3. Ga ɗalibin da bai mallaki irin wannan shaida ba, makin ba ya tsinana masa komai tukuna.

A nan ne muke da ƙorafi. Shafin godiyar jerin sunaye ne kawai. Wanda ya gwada shawara hamsin da wanda ya gyara waƙafi, idan dukansu masu gudummawa ne, layi ɗai-ɗai suke samu. Ainihin aikin, wato tikitoci da muhawara, yana bayan rajista, mai ɗaukar ma'aikaci a Abuja ko Legas kuwa ba zai buɗe asusu don ya duba ba. A wannan fanni OWASP, ƙungiyar tsaron manhajoji, ta fi: ayyukanta irin ASVS a GitHub ake yin su a fili, kowa na iya ganin wanda ya kawo gyara da ranar da aka karɓa. Takardun RFC na IETF, masu tsara ƙa'idojin intanet, kuma ba a sake taɓa su bayan bugawa, sunan da ya shiga ya zauna ke nan. Na CIS kowane bugu da jerinsa, kuma sunan ba zai fito ba sai bugun ya fito, abin da kan ɗauki watanni.

Sai maganar kuɗi, wadda ba a cika faɗa ba. Takardar PDF kyauta ce, amma lasisinta ya hana kasuwanci da ita. Kayan da ke sauƙaƙa aikin, CIS-CAT Pro mai duba na'ura da kansa da Build Kits masu yin gyara, na 'yan SecureSuite ne masu biya, haka Hardened Images, wato sabar da aka riga aka saita, na kuɗi ne, hayar su ake yi a AWS da Azure. CIS-CAT Lite kyauta ne amma takardu kaɗan yake dubawa. Ba laifi ba ne ƙungiya ta nemi abin biyan ma'aikatanta. Sai dai mai sa-kai ya san cewa gumin da ya zuba yana shiga cikin kayan da ake sayarwa da dala.

Wanda ya yanke shawarar shiga, ya riƙe nasa lissafin. Ya ajiye lambar kowane tikiti da kwanan wata da hoton shafin da aka karɓi gyaransa, ya sauke PDF na bugun da sunansa ya fito ya adana. A CV kada ya rubuta “mamba a CIS”, wannan kowa mai imel zai iya faɗa. Ya rubuta sunan takardar, lambar bugu, da sashen da ya gwada. Ya kuma yi rajista da sunan da ke kan takardun karatunsa, ba laƙabin da abokai ke kiransa da shi ba.

Gwajin kuwa a na'urar gwaji kawai ake yin sa. Abin da ya fito daga sabar makaranta ko asibiti ko banki yana ɗauke da adireshin IP da sunayen na'urori da na ma'aikata, kuma dandalin kowa na iya rajista ya karanta. Bayan matsalar tsaro, Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta shafi duk bayanin da ke nuna wani mutum. Idan a sabar aiki aka fara ganin matsalar, a maimaita ta a VirtualBox, a liƙa sakamakon can.