Wasiƙa daga Landan: a nan taki ma sai da kuɗi

Yaya, bayan gaisuwa da fatan an ga damina lafiya. Albishirinka, na samu lambu. A Ingila ƙaramar hukuma ce ke ba da hayar fili ga mai son shuka kayan miya, amma sai ka rubuta suna ka bi layi. Ni shekara 4 na jira. Cikakken fuloti kusan murabba'in mita 250 ne, rabi aka ba ni, ga famfo kusa da shi.

Ranar da na fara saran ƙasar na tuna da jigawar gonarmu. Ta nan laka ce mai danƙo, da sanyi ta jiƙe ta kama takalmi, da zafi ta ƙame ta tsage. Na zo da dabarar fadama, na yanka fangali kamar na albasa don ya riƙe ruwa. Wani dattijo ɗan Jamaika da ke maƙwabtaka da ni ya tsaya yana kallona, can ya ce in bari ruwa ya sauka in gani. Kwana 2 aka yi ana yayyafi, fangalin nan ya koma kududdufi. Ashe a nan korar ruwa ake yi, dole a ɗaga kunya ta yi tudu, wasu har katako suke kewaya ta da shi.

Sai maganar taki, wadda ita ce ta sa na ɗauki alƙalami. Ka san yadda ake kwashe kashin awaki da toka da sharar gida a kai gona a mangalar jaki, ko Fulani su zauna da shanu a gona bayan girbi. To, a nan a shago ake sayen sa. A B&Q (wani babban shagon kayan gini da na lambu) ruɓaɓɓen taki na cikin leda ne, lita 50, kashin kaji kuma an busar an dunƙula shi ƙwaya-ƙwaya a bokiti mai murfi. Har garin jini da kifi da ƙashi ake sayarwa a kwali. Na yi dariya, amma na biya. Gaskiya ɗaya dai, abin da aka rubuta a jikin buhu shi za ka tarar a ciki, ba irin buhun takin zamanin da muka taɓa kwancewa muka ga rabinsa yashi ba. Da kuɗin suka fara cizo, na gano wani bargar dawaki da ke ba da kashi kyauta. Na tara shi wata 6 ya ruɓe, na baza a kan kunyoyin, yanzu ko'ina ka tona sai tana.

Tumatir da tattasai ba a fitar da su waje sai ƙarshen Mayu, don raɓa mai daskarewa na kashe su dare ɗaya. Kuɓewa ta ƙi. Alayyafo kuwa ya yi, dattijon nan ma shi yake shukawa, su kalalu suke ce masa.

Fartanyarsu doguwa ce, a tsaye ake kankare ciyawa da ita, ba ta tada kunya. Idan ɗan Kawu zai taso, a ba maƙerin bakin kasuwa ya ƙera min ruwan garma ƙarami, ƙota zan nema a nan. A gaida Inna da yara.